Kwana Casa'in na Direban Burodi

An dakatar da lasin tuƙin Lonnie Caudill ranar Talatar nan, wai ya ƙi biyan kuɗin ciyar da 'yarsa. Ya biya. Duk ranar Juma'a yana biya, har da ƙari a kai, kuma uwar yarinyar ta taka da ƙafarta ta je ta gaya wa ofishin gunduma haka. Mutumin nan direba ne, ba shi da wata sana'a. In babu lasin babu aiki, in babu aikin babu inshorar lafiya, ga shi 'yar tasa Tessa, mai shekara goma sha uku, tana da ciwon suga irin wanda allura ce ke riƙe da rai. Saura kwana goma sha biyu inshorar sabon wurin aikinsa ta fara aiki aka yi masa wannan aika-aika.

Duk wanda ya zauna a garin nan namu na bakin kogi ya san Lonnie, ko bai san sunansa ba. Dogon nan ne mai ɗan ranƙwafawa, mai koriyar hular hana-sallah da ta koɗe, wanda in ka ba shi hanya sai ya ɗaga maka yatsa biyu daga kan sitiyari. Shekararsa arba'in da huɗu. Bai gama sakandare ba, ya fita a ajin ƙarshe lokacin da ubansa ya kwanta ciwo. Ya yi wankin mota, ya yi dako, daga baya ya samu lasin babbar mota ya shiga kamfanin katako na Boggs, ya yi shekara goma sha shida yana kai katako garuruwan kan dutse. Ba ya shan giya, kuma ba tsoron Allah kaɗai ya hana shi ba, cikinsa ne ba ya ɗauka. Abin da yake so a duniya bai wuce ɗan kwale-kwale mai inji da ya gada ba, da kamun tarwaɗa ranar Lahadi in an tashi daga coci.

Ubansa, marigayi Orville, a ramin kwal ya yi aiki har huhunsa ya ƙare. Mutum ne da bai yarda da banki ba, bai yarda da takarda ba. Ran albashi zai shigo fuska duk baƙin kwal, ya wanke hannu, ya zauna, ya jera kuɗin a kan teburin cin abinci gaban matarsa da 'ya'yansa, kowa yana gani. A wurin Orville haƙƙin iyali daga hannu yake zuwa hannu, kana kallon idon mai karɓa. Haka duk mazan gidan Caudill suka tashi, haka mazan kan dutse da yawa suke har gobe.

Auren Lonnie da Rhonda, mai gyaran gashi a shagon da ke kusa da gidan waya, ya mutu shekara shida da suka wuce. Ba duka ba zagi, gajiya ce kawai. Ita magana, shi shiru, har abin ya ishe su. Alƙali ya ɗora masa abu biyu. Na farko dala ɗari da tamanin duk mako, a cire daga albashinsa tun kafin ya gani, kamfani ya tura wa ofishin gunduma mai kula da kuɗin yara, ofishin ya tura wa Rhonda. Na biyu ya sa Tessa a inshorar wurin aikinsa, tunda Rhonda hayar kujera take a shagon, ba ta da ubangidan da zai yi mata inshora. A Amurkar nan tamu dai lafiyar ɗanka a aljihun wanda kake wa aiki take. Shekara shida abin yana tafiya shi kaɗai kamar ruwan famfo. Lonnie bai taɓa shiga ofishin nan ba, bai ma san ta ina ƙofarsa take kallo ba.

Bayansa ne ya fara yi masa gardama. Katako ba ya sauke kansa, shekaru kuma sun fara ja. Da ya ji kamfanin burodi na Haldane na neman direba, ya je. Albashin ya ɗara, burodi ba nauyi, ƙarfe biyu na rana an tashi. Tambaya ɗaya ya yi wa Mista Ratliff, shugaban direbobi.

"Yallaɓai, akwai inshora har da yara?"

"Akwai, mai kyau ma."

Gaskiya Ratliff ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne sai mutum ya cika kwana casa'in yana aiki take farawa. An rubuta, ba a ce ba a rubuta ba, a shafi na tara na wani kundi da aka miƙa masa ya sa hannu yana tsaye.

A tsohon wurin kuma akawu ta ce ya ƙarasa ranar Juma'a, talatin da ɗaya ga Mayu, don littafinta ya fita tas. Inshorarsu a ƙarshen watan da mutum ya bar aiki take mutuwa. Da ya ƙara yini ɗaya tak, da katin Tessa ya yi aiki har ƙarshen Yuni. Akawun ta san da haka, ta ja bakinta. Aka yanka masa kek, aka yi masa tafi, ya tafi gida yana murna.

Ranar Alhamis ta makonsa na farko, yana durƙushe yana jera burodi a kantar wani kanti, wayarsa ta yi ƙara. Rhonda ce.

"Lonnie, me ka yi wa katin yarinyar nan?"

"Wane kati?"

"Katin zaɓe. Katin inshora mana. Ina kemis, mutumin ya saka sau uku, ya ce ya mutu tun ranar Asabar."

"Ai na sabon wurin zai..."

"Zai me? Ka tambaye su ranar da zai fara?"

Ya yi shiru.

"Na san shirun nan, shekara goma sha ɗaya ina aure da shi. Kwalba ɗaya dala ɗari uku, Lonnie, kuma iri biyu take yi, ban da tsinken gwaji. Da me zan biya, da gashin mutane?"

Ya zauna a kan kwandon burodi. Shi ya san abin da ciwon nan yake yi in babu allura, ba a littafi ya karanta ba. Tessa na shekara takwas, wata Asabar tana wurinsa, ya ɗauka zazzaɓi ne ya ba ta lemo ta sha. Kafin la'asar ya shiga asibiti da ita a kafaɗa, wuyanta yana lilo, numfashinta yana warin ruɓaɓɓen tuffa. Likita ya ce da an ƙara rabin yini da wata maganar ake. Tun daga ranar wani abu ya zauna masa a ƙahon zuci, in aka ce Tessa sai ya motsa. Ran Alhamis ɗin nan ya motsa, bai kuma sake kwanciya ba.

Da aka tashi ya je wurin Ratliff, a nan ya fara jin labarin shafi na tara. Suka ƙirga tare a kalanda: ɗaya ga Satumba.

Juma'a ta zagayo aka ba shi takardar albashi. Ya duba ya ga ba a cire komai ba. Takardar kotu tana can tsohon kamfani, ba ta biyo shi ba. Daga cikin mota ya buga wa ofishin gunduma waya, na'ura ta amsa, ta yi ta sa masa kiɗa minti arba'in, a ƙarshe ta ce ya bar saƙo. Ya faɗi sunansa da sunan sabon wurin aikinsa, ya maimaita sau biyu a hankali kamar mai magana da kurma. A ganinsa ya sanar ke nan. Sannan ya yi abin da ɗan Orville zai yi. Ya je banki ya ciro kuɗi, ya sa a ambulan, ya kai shagon Rhonda.

Mata uku ne zaune kawunansu cikin injin busar da gashi. Ya cire hula ya tsaya daga bakin ƙofa. Misis Tuttle, tsohuwar da ba a raba ta da shagon duk Juma'a, ta leƙo daga ƙarƙashin nata.

"Rhonda, ga tsohon mijinki da ambulan. Ni nawa ko katin Kirsimeti bai taɓa aiko mini ba. In ba kya so, ki ba ni shi."

"Ɗauki, Anti. Amma ki sani sai kin yi masa magana uku yake amsa ɗaya."

"Ai irin wanda nake nema ke nan."

Rhonda ta goge hannu a jikin riga ta buɗe ambulan ɗin. Dala ɗari huɗu da talatin.

"Ɗari da tamanin na mako," in ji Lonnie. "Sauran na allura."

Ta dube shi, ta rage murya. "To kai me za ka ci?"

"A kamfanin burodi nake aiki."

Ba rasit, ba sa hannu. Wa zai nemi rasit a wurin uwar 'yarsa? Mako goma sha ɗaya yana wannan zuwa, bai tsallake ko ɗaya ba, matan shagon duk shaida ne.

Kada wani ya ce ba su nemi wata hanya ba. Rhonda ta cike takardar neman taimakon gwamnati na lafiyar yara. Aka ce ta kawo shaidar cewa tsohon katin ya mutu, ta kai. Aka ce ta kawo ta haraji, ta kai. Har yau ana dubawa. Tsohon kamfani kuma ya aiko wa Lonnie wasiƙa a tsakiyar Yuni, ya buɗe yana zaton mafita ce. Cewa suka yi zai iya ci gaba da tsohuwar inshorar in zai biya dala dubu ɗaya da ɗari uku duk wata. Ya karanta lambar sau uku a tsaye bakin akwatin wasiƙu. Daga ranar ya tsorata da duk wani ambulan mai 'yar tagar leda. Biyu sun zo daga ofishin gunduma, ɗaya a Yuli, ɗaya a farkon Agusta. Ya ce a ransa sanarwa ce za a fara cirewa daga albashi, ya tura su aljihun mota bai buɗe ba. Laifinsa ke nan, ba za a ɓoye ba. Amma wanda bai taɓa jin tsoron ambulan ba kada ya yi saurin ɗaga hanci.

Haka ya shiga ƙirgen kwanaki. Da can Lonnie tuƙinsa a sake yake, yanzu ya koma kamar ɗan koyo. Yana tsayawa a danja tun tana ruwan ɗorawa. In ya hango motar 'yan sanda a madubi sai ya taka birki, alhali bai yi komai ba. Ciwon baya ya taso masa wata Litinin, ya ɗaure ƙugu da bel biyu ya fita, don sabon ma'aikaci in ya yi fashi ba a tambayarsa dalili. Sauran direbobi suka sa masa suna Amarya, wai ya fi kowa ladabi. Ya yi dariya tare da su. Ya rame har sai da ya ƙara huda a bel.

Asabar ta farkon Agusta ya ɗauki Tessa zuwa gidan abincin da ke gindin gada, kamar yadda suka saba tun tana ƙarama. Fanke take ci a wurin, ta lissafa allurarta ta yi, sannan ta malala masa zuma. 'Yar gyaɗa yake ce mata, saboda da aka haife ta ba ta cika tafin hannunsa biyu ba.

"'Yar gyaɗa, guda uku ko huɗu?"

"Ƙwai kawai, Baba. Ba na jin yunwa."

"Ke? Yaushe aka canza mini 'ya?"

Ta yi murmushi ta ja kofin ruwa. Ta shanye, aka ƙara mata, ta shanye. Ta tashi ta shiga banɗaki. Ta dawo ta sake shan wani. Yana kallon agogon hannunta da ya zame ya sauko har kan ƙashin hannu. Da ta tashi karo na biyu ya ajiye cokali, don ya taɓa ganin wannan shan ruwan.

"Kawo na'urar gwajin sugarki in gani."

"Na manta ta a gida."

"Ga ta can tana leƙe daga jaka."

Ta soki yatsa ba ta dube shi ba. Lambar da ta fito ta ninka wadda ake so sau uku da wani abu.

"Allurar nawa kike yi?"

Ta mayar da na'urar cikin jaka.

"Tessa."

"Rabi." Ta juya cokali a kan tebur. "Na ji Mama a waya tana cewa kwalba ɗaya ta rage kuma ga kuɗin haya. In na yi rabi ban ci da yawa ba za ta kai. Na lissafa, Baba, har Satumba. Ba na jin komai."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

Ya ajiye kuɗin ƙwan da ba a ci ba, ya riƙe hannunta suka fita. Bai yi faɗa ba. A asibiti suka sa mata ruwa, ta kwana ɗaya, aka sallame ta. Takardar kuɗin asibitin ba ta iso ba tukuna, tana hanya. Rhonda ta yi kukanta a wurin ajiye motoci, ta share ido, ta shiga ta wanke 'yarta tas da faɗa, ta fito ta sake wani kukan. Daga ranar duk sha biyun rana Lonnie zai faka gefen titi ya buga waya.

"Nawa?"

"Baba, ka tambaye ni da safe."

"Wancan na safe ne. Nawa?"

In ta faɗa sai ya ce ta ɗauki hoton lambar ta turo, don ya daina yarda da bakinta.

Ranar Talata, kwanansa saba'in da tara, ya miƙa hannu zai ɗauki makullin mota a jikin allo, Ratliff ya kira shi ofis ya rufe ƙofa.

"Caudill, ba za ka fita yau ba. An sanar da mu an dakatar da lasinka."

"Ni? Yallaɓai, ko tikitin gudu ba a taɓa ba ni ba."

"Ba tuƙi ba ne. Kuɗin yara ne, wai kana da bashi."

Lonnie ya dafa bayan kujera. Ya fara bayanin ambulan da shago da Juma'a, kalmomin suna tuntuɓe da juna. Ratliff ba mugu ba ne, ya saurara har ƙarshe yana murza goshi.

"Na yarda da kai. Amma burodi ba ya jira, shaguna arba'in ne a layinka. Zan raba wa sauran direbobi layin har ranar Litinin. Litinin ƙarfe biyar na asuba in ga lasin mai rai, ka ci gaba da ƙirgenka. In babu, dole in ɗauki wani."

"In aka gyara daga baya na dawo fa?"

Ratliff ya kau da kai. "Sabon ɗauka ne. Casa'in daga farko."

Ba shi da ikon tuƙa ko a-kori-kurarsa zuwa gida. Ya zauna a ciki a wurin ajiye motoci, ya buɗe aljihun mota, ya ciro ambulan biyun nan ya yage. Na farko ya ce ana binsa. Na biyu ya ce in bai zo cikin kwana goma ba, za a dakatar da lasinsa.

Laraba da safe Rhonda ta rufe kujerarta ta zo ta ɗauke shi. A ofishin gunduma suka ciri lamba, suka zauna awa biyu a kan kujerun roba. Ta zo da littafin da take rubuta masu zuwa gyaran gashi, inda duk Juma'a ta rubuta abin da ya kawo a gefen shafi. Matar da ke bayan gilashi ta danna na'ura.

"Mista Caudill, ana binka dala dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin."

"Madam, na biya. Ga wadda na ba."

"Ni ce uwar," in ji Rhonda, ta manna littafin a jikin gilashi. "Ya ba ni, na karɓa, na kashe. Duk wata kwalba da ke firjina shi ya saya. Ba na binsa ko sisi."

Matar ba ta ko kalli littafin ba. "Abin da bai bi ta ofishin nan ba kyauta ce."

"Kyauta?"

"Haka doka ta ce. Kyauta ya yi miki."

"'Yar'uwa, shekara goma sha ɗaya na zauna da mutumin nan, kyautar da ya taɓa yi mini injin soya dankali ce. Kuɗin 'yarsa ya kawo."

"Na buga waya," in ji Lonnie. "Tun makon farko. Na bar saƙo."

"Sanarwa a rubuce ake yi."

"Na'urar ba ta ce haka ba."

Matar ta turo wata takarda ta ƙasan gilashi. Ta ce Rhonda za ta iya sa hannu cewa ta yafe bashin, a kai gaban alƙali ya duba, cikin kwana talatin zuwa arba'in. Rhonda ta ce ba yafewa take ba, babu bashin ne, amma ta sa hannu har biro ya huda takardar. Lonnie ya sunkuyo daidai 'yar hudar magana.

"Madam, Litinin nake da ita. Akwai hanyar da ta fi wannan sauri?"

"Ka biya duka."

Wato ya biya abin da ya riga ya biya. A mota Rhonda ta yi ta zazzaga masifa, ta zagi ofishin, ta zagi akawun Boggs, ta zagi marigayi Orville da teburinsa, sannan ta ce Allah ya ji ƙansa. Da suka kai mararraba Lonnie ya juyo ya dube ta.

"Kai ni gidan Dub."

Dub Hensley makaniki ne, abokin kamun kifinsa tun suna yara, ya kuma yi shekara goma yana maitar kwale-kwalen nan. Suka same shi a ƙarƙashin wata mota. Ya turo kansa waje yana goge hannu.

"Wa nake gani, Amarya da uwargida. Kun shirya ne ba a gayyace mu ba?"

"Dub, kwale-kwalen. Dubu biyu."

Dub ya daina goge hannun. "Na Baba Orville? Wanda ka ce sai dai a binne ka a ciki?"

"Yau nake so."

Dub ya dubi Rhonda, ta girgiza masa kai alamar kada ya tambaya. Ya shiga gida ya daɗe, aka ji muryar matarsa ta tashi ta sauka. Ya fito da kuɗi a cikin gwangwanin kofi.

"Injin nan fa tari yake kamar kakata. Ka cuce ni."

"Na sani."

"Yana nan inda yake a bakin ruwa. In ka ga dama ka zo ka riƙa tuƙa ni, tunda shi ba a neman lasin."

Alhamis ƙarfe takwas Lonnie yana bakin ofishin kafin a buɗe. Ya ƙirga wa matar kuɗin ta ƙasan gilashi, ta ba shi rasit. Wannan karon ya riƙe rasit ɗin da hannu biyu. Ya ji numfashinsa ya sauka karo na farko tun watan Yuni.

"Yanzu zan iya tuƙi?"

"Za mu tura takardar saki ga ofishin lasin. Kwana biyar zuwa goma na aiki."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ofishin lasin yana tsallaken titi, ana hango tutarsa ta tagar da ke bayan matar. Ya nuna da yatsa.

"Wancan? Ki ba ni in kai da hannuna."

"Ba a ba mutum. Sai shugaba ta sa hannu, ta tafi babban birnin jiha, su shigar, sannan ta bayyana a can."

"Ina shugabar?"

"Tana taro."

Ya tsallaka titin duk da haka, da rasit a hannu. Saurayin da ke can ya duba na'ura ya juyo masa da fuskarta don ya gani da idonsa: jan layi a kan sunansa. Ya ce in takardar ta zo, minti biyu ne aikin. Ya ce wani lokaci in shugabar wancan ofishin ta bugo waya ta turo hoton takardar, ana yi a ranar, ya taɓa gani. Lonnie ya sake tsallakawa ya ciri wata lambar. Ya zauna har aka tashi. Da sha biyu ta yi ya fita baranda ya bugi Tessa, ya tambaye ta nawa. Ita kuma ta tambaye shi me ya sa ba ta jin ƙarar mota. Ya ce ya faka ne. Shi da Rhonda ba su gaya mata ba, don sun ga abin da take yi in ta ji magana.

Yau Juma'a. Tun bakwai da rabi yana can a kan kujerar roba, hula a gwiwa, duk ƙofar da aka buɗe sai ya miƙe. Ƙarfe huɗu ake rufe ofishin, ba a buɗewa Asabar, ba a buɗewa Lahadi.

Don haka ke shugabar ofishin kuɗin yara na gundumar nan, da ke ake. Kuɗin da kuka ce ana binsa suna cikin akwatinku tun jiya, karo na biyu ke nan da ya biya su. Ki fito daga taron nan, ki sa hannu, ki ɗaga waya ki kira tsallaken titi kafin ƙarfe huɗu na yau. Ba alfarma ake roƙo ba, aikinki ne, kuma saboda yara irin Tessa aka buɗe ofishin da kike zaune a ciki. In kin gama, ki sa a gyara na'urar da ke amsa waya, ta riƙa gaya wa mutane baki da baki cewa saƙon murya ba sanarwa ba ne, kuɗin hannu kuma ba biya ba ne a wurinku. Kai kuma Mista Ratliff, da ku masu kamfanin Haldane, in Litinin ta yi takardar ba ta iso ba, ku ba shi tsintsiya ya share ɗakin ajiya, ku bar sunansa a littafin ma'aikata har ɗaya ga Satumba. Kwana shida ne, ku ba shi.